Darasin Lafiya: Gwajin Ciwon Daji na Babban Hanji

Ga mai jagorar darasi

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a taro, ko a zumuntar mata, ko zumuntar maza, ko ƙungiyar manoma, ko kwamitin lafiya na ƙauye. Ka karanta a hankali da murya mai ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ka tanadi ƙwayar masara 100 da faifai ɗaya, za mu yi aiki da su a tsakiyar darasi. In ka ga maganar tana yi wa mutane nauyi a gaban juna, sai ka raba maza da mata.

Gabatarwa

'Yan'uwa, akwai cututtukan da muke faɗa a fili. In mutum yana zazzaɓi, duk unguwa za ta ji. In ciwon ƙafa ne, ko a hanyar kasuwa zai tsaya ya nuna maka. Amma in ciwo ya shafi bayan gida da dubura, sai baki ya yi nauyi. Mutum zai shekara yana ganin jini in ya zaga, ko matarsa ba ta sani ba. In an matsa masa sai ya ce basir ne, ya sayi jiƙo a kwalba ran kasuwa.

Sau da yawa basir ɗin ne kuwa. Amma akwai wata cuta da takan ɓuya a bayan sunan basir, wato ciwon daji na babban hanji da dubura, wanda waɗansu ke kira sankara ko kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane fiye da miliyan 1.9 suka kamu da shi a duniya, fiye da 930,000 kuma suka mutu. Shi ne na uku wajen yawa a cikin ire-iren ciwon daji, na biyu wajen kisa. Shi ne ciwon da Pele, shahararren ɗan ƙwallon ƙasar Brazil, ya yi fama da shi har ya rasu a Disamba 2022.

A wannan darasi za mu duba abubuwa uku: yadda ciwon yake farawa, ko gwaji yana ceton rai da gaske, da abin da yake faruwa in an kira mutane gwaji amma ba su zo ba.

Yadda ciwon yake farawa

Abincin da muka ci yakan bi ta tumbi, ya shiga ƙaramin hanji inda jiki yake tsotse amfaninsa. Abin da ya rage sai ya wuce babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi. A nan jiki yake shanye ruwa, sauran kuma ya taru a dubura ya fita.

A jikin bangon babban hanji, ta ciki, wani ɗan tsiro na nama yakan fito. Da farko bai wuce ƙwayar wake ba. Ba ya zafi, ba ya hana mutum noma. Yawancin irin waɗannan tsiro ba sa zama komai. Amma waɗansu sukan yi ta girma a hankali, shekara 10 ko fiye, har su rikiɗe su zama ciwon daji. In ciwon ya yi ƙarfi sai ya huda bangon hanji, ya bi jini ya tafi hanta ko huhu.

Mu lura da wannan tsawon lokaci, gama a nan ne damarmu take. Kowane manomi ya san ƙuduji. In ka tuge shi kafin ya yi fure, aikin yini ɗaya ne. In ka bar shi ya zubar da iri, gonar ta shiga wahala shekara da shekaru. Haka wannan ciwo yake. In likita ya ga tsiron ya cire shi, ciwon dajin ba zai samu zuwa ba. In ma ya riga ya zama ciwon daji amma bai fita daga hanji ba, lissafin da aka yi a Amurka ya nuna cewa wajen mutum 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. In kuwa ya bazu zuwa hanta ko huhu, waɗanda suke kaiwa shekara 5 ba su kai 2 cikin 10 ba.

Gwaji iri biyu

Gwajin da muke magana a kai, na mutumin da yake jin kansa lafiya lau ne. Ana yin sa domin a kama ciwon tun bai nuna kansa ba.

Na farko shi ne gwajin bayan gida. Tsiron nan da ciwon daji sukan ɗiga jini kaɗan kaɗan wanda ido ba ya gani. Gwajin da aka fi yi yanzu sunansa FIT. Za a ba ka 'yar kwalba mai ɗan tsinke a jikin murfinta. A gidanka za ka dangwali bayan gida kaɗan da tsinken, ka mayar cikin kwalbar, ka rufe, ka kai asibiti. Babu allura, babu azumi, babu mai ganin tsiraicinka. Sai dai a mayar da shi da sauri, kada a bar shi a rana, domin zafi yana ɓata shi. Ana maimaita shi kowace shekara ɗaya ko biyu.

Na biyu shi ne leƙen hanji, wanda likitoci ke kira kolonoskofi. Kwana ɗaya kafin a yi, mutum zai sha maganin wanke ciki. A asibiti za a ba shi maganin da zai kwantar da jikinsa, sa'an nan likita ya shigar da wani siririn bututu mai kyamara ta dubura, ya duba hanjin gaba ɗaya. In ya ga tsiro, yana iya cire shi nan take. In bai ga komai ba, akan yi shekara 10 kafin a sake. Wannan gwaji ya fi gani sosai, amma ya fi tsada, yana bukatar ƙwararren likita, kuma jefi jefi yakan jawo zubar jini ko rauni a hanji.

Gwaje-gwajen nan biyu tare suke tafiya. In gwajin bayan gida ya nuna jini, wannan ba ya nufin mutum yana da ciwon daji. Basir, ko tsutsar ciki, ko gyambon hanji duk suna iya kawo jini. Leƙen hanji ne zai raba gardama.

Gwaji yana ceton rai?

Masana ba su tsaya ga zato ba. Sun ɗauki dubban mutane, suka raba su ta hanyar ƙuri'a, aka kira waɗansu gwaji, aka bar waɗansu, aka kuma bi su shekaru ana ƙirgawa.

A jihar Minesota ta Amurka an bi mutane fiye da 46,000 har shekara 13. Sakamakon da ya fito a 1993 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka sa su yi gwajin bayan gida kowace shekara, mutuwa daga wannan ciwo ta ragu da kashi 33 cikin 100. A Notingham ta Ingila an bi mutane wajen 150,000, ana aika gwajin kowace shekara biyu. A 1996 aka ga mutuwa ta ragu da kashi 15 cikin 100. A wannan bincike, wajen mutum 4 cikin 10 da aka aika wa gwajin ba su taɓa yin sa ba ko sau ɗaya.

A 2010 wani bincike a Birtaniya ya fito, na mutane wajen 170,000 masu shekara 55 zuwa 64. An kira waɗansu a leƙa ƙarshen hanjinsu sau ɗaya tak. A cikin dukan waɗanda aka kira, mutuwa ta ragu da kashi 31 cikin 100. A cikin waɗanda suka amsa kiran suka je, ta ragu da kashi 43 cikin 100.

Amsar a fili take. Gwaji yana ceton rai. Amma ku dubi bambancin da ke tsakanin 31 da 43. Wannan ya kawo mu ga zuciyar darasinmu.

An kira, amma wa ya zo?

A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Poland, Norway da Sweden. Mutane wajen 85,000 ne, masu shekara 55 zuwa 64. An aika wa wajen 28,000 daga cikinsu takardar gayyata su zo a yi musu leƙen hanji. Waɗannan ƙasashe ne masu asibitoci da likitoci, amma a cikin kowane mutum 100 da aka kira, 42 kaɗai suka zo.

Bayan shekara 10 aka ƙirga. A cikin kowane mutum 1,000 da ba a kira ba, 12 suka kamu da ciwon. A cikin kowane 1,000 da aka kira, wajen 10 suka kamu. Wajen mutuwa kuwa, bambancin bai taka kara ya karya ba: wajen mutum 3 cikin 1,000 a kowane ɓangare. Waɗansu da suka ji labarin suka ce ashe gwajin ba shi da amfani. Amma masu binciken sun yi wani lissafi. Sun kiyasta cewa da dukan waɗanda aka kira sun zo, da kamuwa ta ragu da kashi 31 cikin 100, mutuwa kuma ta ragu da rabi.

Ga kuma misalin inda mutane suka amsa. A arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, wata ƙungiyar asibitoci mai suna Kaiser Permanente ta shiga aika wa mutanenta gwajin bayan gida har gida, tana tunashe su, tana bin sawun wanda bai mayar ba. A shekarar 2000 wajen mutum 39 cikin 100 ne suke yin gwaji a kan kari. A 2015 sun kai wajen 83 cikin 100. A tsakanin waɗannan shekaru mutuwa daga ciwon daji na hanji a cikin mutanensu ta ragu da fiye da rabi.

Ingila ta fara aika wa dattawanta gwajin bayan gida ta gidan waya a 2006. Tsohon gwajin yana bukatar a ɗebi bayan gida sau uku, mutane da yawa suka ƙi. A 2019 aka canja zuwa FIT mai ɗiba ɗaya, masu mayarwa suka ƙaru. Abin koyo a nan shi ne, in an sauƙaƙa wa mutane hanya, za su bi.

Takin da aka bari a buhu ba ya ƙara wa gona komai. Gwaji mai kyau da ba a yi ba, haka yake.

Abin da aka gani a Najeriya

A 2021 likitoci, waɗanda na asibitin koyarwa na Ile-Ife suka jagoranta, sun gwada wannan hanya a jihohin Osun, Kwara da Legas. Sun raba kwalaben FIT ga mutane fiye da 2,300 masu shekara 45 zuwa 75.

Mai jagora, a nan ka zuba ƙwayar masara 100 a faifai. Ka ce wa jama'a kowace ƙwaya mutum ɗaya ce da aka ba kwalba. Ka cire 10 ka ajiye gefe: waɗannan ba su mayar ba. Saura 90 sun mayar, abin yabo ne ƙwarai. Daga cikin 90 ɗin ka ware 18: waɗannan gwajinsu ya nuna jini. Daga cikin 18 ka ware 12: su ne suka je aka yi musu leƙen hanji. Ka ɗaga 6 da suka rage a tafin hannunka, ka tambayi jama'a: waɗannan fa? An gaya musu akwai jini, amma ba su kai ga mataki na biyu ba.

A cikin mutum 285 da aka leƙa hanjinsu, an sami ciwon daji a jikin mutum 3. Wannan ya koya mana abu biyu. Na ɗaya, mutanen ƙasarmu suna karɓar gwaji in an yi musu bayani. Na biyu, yawancin waɗanda gwajinsu ya nuna jini ba ciwon daji ne da su ba, saboda haka kada tsoro ya hana mutum zuwa a duba shi.

A ƙasarmu ba a aika wa kowa kwalba gida kamar yadda ake yi a Ingila. Likitocinmu kuma sun daɗe suna kuka cewa yawancin masu wannan ciwo sai ya yi nisa suke zuwa asibiti, da dama daga cikinsu ma ba su kai shekara 50 ba. Ana yin leƙen hanji a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jos, Zariya da Kano. Daga ƙauye zuwa can akwai kuɗin mota, da kwana, da kuɗin gwaji. Saboda haka duk wanda zai yi gwajin bayan gida, ya tambayi ma'aikacin lafiya tun farko: in ya nuna jini, ina zan je, nawa kuma zan tanada?

Alamun da ba a jira da su

Gwajin da muka bayyana na masu jin lafiya ne. Wanda yake da alama kuwa, kada ya jira wani shiri ya zo ƙauye. Ya tafi wurin likita. Ga alamun:

1. Jini a bayan gida, ja ko baƙi, ko jini gauraye da majina.
2. Canji a yadda mutum yake bayan gida, zawo ko taurin ciki, da ya wuce mako 3.
3. Jin kamar ba a gama ba bayan an zaga.
4. Ciwon ciki ko kumburi da ya ƙi tafiya, ko ƙullutu a ciki.
5. Rama ba dalili.
6. Ƙarancin jini, da gajiya, da haki, musamman ga namiji ko macen da ta daina al'ada.

In an ba ka maganin basir ko na atini ka sha, jinin bai tsaya ba, ka koma ka ce a duba ka sosai. Likita yakan sa yatsa da safar hannu ya taɓa cikin dubura. Minti ɗaya ne, kuma ciwon da yake kusa da bakin dubura yakan taɓu ta haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Su wa suka fi bukatar gwaji?

Haɗari yana ƙaruwa da shekaru. Ƙasashe da yawa suna fara gwaji daga shekara 50. A 2021 Amurka ta sauko da shi zuwa 45, domin ciwon yana ƙaruwa a cikin masu ƙananan shekaru. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko wanda suke ciki ɗaya ya taɓa yin wannan ciwo, haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Irin wannan likitoci sukan ce ya fara tun yana shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ciwon a jikin ɗan'uwan nasa. Domin haka yana da kyau iyali su san abin da ya kashe nasu, a daina rufe shi da cewa ciwon ciki ne kawai.

Shan taba, da shan giya ko burkutu, da ƙiba, da yawan zama, da yawan cin jan nama da naman gwangwani, duk suna ƙara haɗari. Abincinmu na gado kuwa, wato dawa, gero, acca, wake, da ganye irin su zogale da rama, yana da dusa da ƙaiƙayin da hanji yake so. Kada mu raina shi saboda abincin leda. Amma mu sani, cin abinci mai kyau yana rage haɗari ne, bai ɗauke bukatar gwaji ba.

Me yake hana mu?

Kunya tana kan gaba. Dattijo yana ganin bai dace yaro ya duba shi a wannan wuri ba, mace kuma tana jin nauyin likita namiji. Kana da iko ka roƙi a ba ka ma'aikaci namiji ko mace, ko ka shiga da wani naka.

Sai tsoro. Waɗansu sukan ce gara kada su sani. Amma rashin sani ba ya tsayar da tsiron, yana ba shi lokaci ne kawai.

Akwai masu cewa in wuƙar likita ta taɓa ciwon daji sai ya bazu. Abin da yake sa mutane wannan zato shi ne, yawanci sai ciwon ya riga ya bazu ake kai mutum asibiti. Fiɗa a kan lokaci ita ce babbar hanyar warkar da wannan ciwo.

Akwai kuma masu cewa jifa ne ko sammu, a yi ta yawo gidajen masu magani har akuya da hatsi su ƙare. Kafin a kai ga asibiti, kuɗi sun tafi, lokaci ma ya tafi.

Na ƙarshe shi ne kuɗi da nisa. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za mu iya yi tare

1. Kwamitin lafiya ya je babban asibiti mafi kusa, ya tambayo ko suna yin FIT, da kuɗinsa, da inda suke tura mutane leƙen hanji. A kawo amsar a sanar wa jama'a.
2. A gayyaci nas ko likita ya zo ya yi bayani, maza daban, mata daban. Ranar 4 ga Fabrairu ita ce ranar ciwon daji ta duniya, kuma rani ne, aikin gona ya yi sauƙi.
3. Ƙungiyoyin adashe su ware wani abu domin kuɗin mota da gwaji. A kuma tambaya a kan shirin inshorar lafiya na jiha, a ji abin da yake biya.
4. Duk wanda aka tura babban asibiti, a sami mutum ɗaya ya raka shi. Wanda aka yi wa leƙen hanji yana bukatar mai dawo da shi gida.
5. Shugabanni su fara. In mai unguwa, ko dattijon ikilisiya, ko shugabar zumuntar mata ta ce ta yi gwaji, nauyin bakin sauran zai ragu.
6. A riƙe asiri. Wanda ya gaya maka ciwonsa, amana ya ba ka. In magana ta fita sau ɗaya, ba wanda zai sake buɗe baki.

Tambayoyi don tattaunawa

1. In mutum a ƙauyenmu ya ga jini a bayan gida, wurin wa yake fara zuwa? Me ya sa?
2. A ƙasashen da aka kira mutum 100 amma 42 suka zo, me kuke tsammani ya hana sauran? Waɗanne dalilai ne muke da irinsu a nan?
3. Ku tuna da ƙwayoyi 6 da suka rage a hannun mai jagora. In ɗaya daga cikinsu maƙwabcinka ne, me za ka yi domin ya kai asibiti?
4. Yaya ɗa ko 'ya za su yi wa mahaifinsu wannan magana cikin ladabi?
5. A cikin abubuwa shida da aka lissafa a sama, wanne za mu fara da shi a wannan wata, wa kuma zai ɗauki nauyinsa?

Kafin a tashi, a rubuta sunan wanda zai je asibiti ya tambayo, da ranar da zai kawo amsa. Kowa kuma in ya koma gida, ya gaya wa mutum ɗaya mai shekara 45 ko fiye abin da ya ji yau. Riga-kafi ya fi magani.